Darasin Mako: Ritaya Ba Kwanciya Ba Ce

'Yan'uwa, iyayenmu mata da suka yi ritaya sun huta da cunkoson hanyar Nyanya zuwa Sakatariya. Amma yawan zama na sa gwiwa ta riƙe, har wata ta koma salla a kujera. Jiki amana ne. Nana A'isha (RA) ma ta yi tsere da Manzon Allah (SAW). Tafiyar minti 30, kwana 5 a mako, tana ƙarfafa ƙafa da zuciya. Mai niyyar Makka ta tuna, Safa da Marwa kaɗai kusan kilomita 3 ne. Mu rage "Mama zauna ki huta", mu raka su tattaki bayan Asuba. Mai hawan jini ta fara ganin likita. Allah Ya ƙara musu lafiya.