Kwana Hamsin Bayan Ista

Karatu: Littafin Firistoci 23:15-22, Ayyukan Manzanni 2:1-13

Ana kiranmu 'yan Fentikos, amma in aka tambayi yawancinmu wace Lahadi ce ranar Fentikos a bana, sai a yi shiru. 'Yan'uwanmu na Katolika da Angilikan da Lutaran kuwa sun sani sarai, domin a ranar jan ƙyalle suke shimfiɗawa a bagade, don tunawa da harsunan wuta. Kafin mu ce al'adarsu ce kawai, bari mu ga inda ranar ta samo asali.

Kalmar Fentikos daga Helenanci take, ma'anarta "na hamsin". Allah ya umarci Isra'ilawa su ƙirga mako bakwai daga ranar da suka kawo damin fari na girbi, a lokacin Idin Ƙetarewa, a kwana na hamsin kuma su yi Idin Makonni. Idin girbin alkama ne. Shi ya sa Urushalima ta cika maƙil da baƙi ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko, har da mutanen Masar, da na Libiya, da Larabawa. Masu bi wajen 120 ne suke jira cikin addu'a. Da ƙarfe tara na safe Bitrus yana wa'azi, a ran nan kuma aka yi wa mutum wajen 3,000 baftisma. A ranar idin girbi Ubangiji ya fara girbinsa.

Lissafin Ikkilisiya bai rabu da wannan ba. In ka ƙirga daga Lahadin Ista, kwana na 40 yakan faɗo ran Alhamis, ranar hawan Yesu zuwa sama, na 50 kuma Lahadin Fentikos ce. Tun da Ista takan zo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, Fentikos takan zo tsakanin 10 ga Mayu da 13 ga Yuni, wato a nan wajenmu lokacin ruwan shuka ne, ba kaka ba. Kiristocin dā sun ɗauki kwanakin hamsin ɗin duka lokacin murna. Taron Nikiya na shekara ta 325 har cewa ya yi a cikinsu a tsaye za a yi addu'a, ba a durƙushe ba.

To, dole ne mu kiyaye ranar? A'a. Bulus ya gargaɗi Galatiyawa (4:10-11) da suka mai da ranaku da watanni hanyar samun karɓuwa a gaban Allah, ya kuma ce wa Kolosiyawa (2:16) kada su bar kowa ya hukunta su a kan idi. Amma Bulus ɗin nan ne ya wuce Afisa bai tsaya ba, yana gaggawa ko ya riski Fentikos a Urushalima (Ayyukan Manzanni 20:16). Romawa 14:5-6 ta raba gardama: mai kiyaye rana ya kiyaye ta saboda Ubangiji, kowa kuma ya tabbata a zuciyarsa. Mu ma da muke cewa ba ruwanmu da kalanda, ai muna kwana a coci ran 31 ga Disamba, muna kuma azumi a Janairu. Laifi tudu ne. Bai dace mu kira na maƙwabcinmu matacciyar al'ada ba, mu kira namu motsin Ruhu.

Akwai abin da za mu ƙaru da shi: kwana goman da ke tsakanin hawan Ubangiji da saukowar Ruhu. Almajiran ba su san ranar da alkawarin zai cika ba, duk da haka suka nace da addu'a da zuciya ɗaya, maza da mata, har da Maryamu uwar Yesu. Iyalin da ya ware waɗannan kwanaki don karanta surori biyu na farko na Ayyukan Manzanni tare ba zai yi hasara ba.

Ku sake duba aya ta 22 a karatunmu na fari. Ana gama dokar idin, sai Allah ya ce kada a girbe gefen gona, kada kuma a yi kala, a bar wa matalauci da baƙo. Waɗanda aka cika da Ruhu a Urushalima ma sun sayar da mallakarsu suna raba wa mabukata (2:45). Fentikos tana zuwa mana ne sa'ad da rumbu ya fara yin ƙasa, hatsi ya yi tsada, wata gwauruwa a cikinmu kuma ba ta da irin shuka.

Abin addu'a: Roƙi Ubangiji ya sāke cika ka da Ruhunsa, ya kuma nuna maka gidan da za ka kai wa mudun iri kafin Lahadin Fentikos.