Tunawa da Abel na Froland: Darasi a Kan Tarin Fuka

A kudancin ƙasar Norwe akwai wani ɗan ƙaramin gari mai suna Froland, wanda a da ba a san shi da kome ba sai narkar da ƙarfe. A maƙabartar garin nan akwai kabarin wani saurayi, Niels Henrik Abel, wanda tarin fuka ya kashe ran 6 ga Afrilu, 1829, yana da shekara 26. An tsara wannan darasi domin Hakimai da malamansu su san labarinsa, su san cutar da ta kashe shi, su kuma san abin da ya rataya a wuyansu game da masu tari a ƙasashensu.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Abel a shekarar 1802. Ubansa limamin coci ne a wani ƙauye, ba mai dukiya ba. A 1815 aka kai shi makaranta a Kiristiyaniya, babban birnin ƙasar, wanda yanzu a ke kira Oslo. Can ya gamu da wani malamin lissafi mai suna Holmboe, wanda ya lura da basirar yaron, ya shiga ba shi littattafan manyan masana. Ba a daɗe ba almajiri ya wuce malaminsa.

A 1820 uban ya rasu, ya bar iyali cikin talauci. Da Abel ya shiga jami'a a 1821, sai malamanta suka riƙa yanka wani abu daga albashinsu domin ya sami ci gaba da karatu. A 1824 ya warware wata mas'ala ta aljabara wadda ta gagari masana fiye da shekara 250. Da kuɗinsa ya buga bayanin, kuma saboda tsadar ɗab'i sai ya matse shi cikin shafi 6.

TAFIYARSA DA CIWONSA

A 1825 Gwamnatin ƙasarsa ta ba shi guzuri ya tafi ƙaro ilmi. A Balin ya sadu da wani Bajamushe, Crelle, wanda ya kafa mujallar lissafi, ya riƙa buga rubuce-rubucensa. A 1826 ya isa Faris, ya miƙa mafi girman aikinsa ga Majalisar Masanan Faransa. Aka ba wani babban masani takardar ya duba, shi kuwa ya ajiye ta, ta shige cikin tarin takardu. Ba a buga ta ba sai a 1841. Abel ya zauna a birnin yana jiran amsa, guzuri na ƙarewa, sanyi na ƙaruwa. A nan ne tari ya fara kama shi.

Ya koma gida a 1827 da bashi a kansa, ba shi da tsayayyen aiki, sai koyarwa ta riƙon ƙwarya. Duk da haka bai sassauta wa kansa ba, dare da rana yana rubutu. Cikin Disamba, 1828, ya yi doguwar tafiya cikin ƙanƙara zuwa Froland, inda yarinyar da zai aura ta ke koyar da 'ya'yan mai ma'aikatar ƙarfe. Bayan 'yan kwanaki ya fara tarin jini, ya kwanta. Wata uku yana jinya, ita tana kula da shi, har rai ya yi halinsa. Kwana biyu da rasuwarsa Crelle ya rubuto masa wasiƙa daga Balin, yana yi masa albishir an ba shi babban muƙamin koyarwa a can. Albishir ya zama ihu bayan hari. A 1830 Majalisar Masanan Faransa ta ba shi babbar lambarta yana cikin kabari. Tun daga 2003 kuma ƙasar Norwe ke ba da wata lambar lissafi da sunansa kowace shekara.

ABIN DA LIKITOCIN ZAMANINSA BA SU SANI BA

Sa'ad da Abel ya kwanta, babu likitan da ya san asalin cutar nan. Waɗansu sun ce gado ce, waɗansu sun ce sanyi ne. Ko Laennec, likitan Faransa da ya ƙago abin sauraren ƙirji a 1816, tarin fuka ne ya kashe shi a 1826. Sai ran 24 ga Maris, 1882, Robert Koch ya bayyana a Balin cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, wadda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. A zamanin nan, cikin mutum 7 da suka mutu a Turai, 1 cutar nan ce ajalinsa. Saboda haka ne a ke tunawa da ranar 24 ga Maris a duniya duka.

A 1921 aka fara ba jarirai rigakafin BCG a Faransa. A 1944 aka fara yi wa mai tarin fuka magani da streptomycin, a 1952 aka sami isoniazid, daga baya kuma rifampicin. Watau cutar da ta gagari likitocin Norwe yanzu tana warkewa sarai. Amma duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 10.8 suka kamu da ita a 2023, miliyan 1.25 suka mutu, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da ta fi yi wa ɓarna.

YADDA CUTAR KE YAƊUWA

Tarin fuka, wanda a asibiti a ke kira tibi, ba sammu ba ne, ba kuma gado ba ne. In mai cutar a huhu ya yi tari ko atishawa, ƙwayoyin kan fito su yi ta yawo cikin iskar ɗaki, na kusa da shi ya shaƙa. Ɗaki mai duhu marar taga ya fi riƙe su, hasken rana kuwa yana kashe su. Ba a ɗaukar ta ta wurin musafaha. Akwai kuma wani iri da a ke samu daga madarar saniya marar lafiya in ba a tafasa ta ba.

Mutum na iya ɗauke da ƙwayoyin shekara da shekaru ba ya ciwo, gama jikinsa ya danne su. In yunwa, ko ƙanjamau, ko ciwon sukari, ko shan taba ya raunana jikin, sai su tashi. Abin da ya sami Abel ke nan: talauci da wahala suka buɗe wa cutar ƙofa.

Alamominta su ne tarin da ya kai mako biyu, da zazzaɓi, da gumi cikin dare, da rama, da rashin son abinci, wani lokaci kuma da jini a cikin kaki. Wanda ya jira sai ya ga jini, ya yi jinkiri ƙwarai.

MAGANINTA

A kan auna kakin mai tari a asibiti. In an ga cutar, sai a ba shi magani iri 4 har wata 2, sa'an nan iri 2 har wata 4, wata 6 ke nan, kowace rana ba fashi. A Nijeriya awon da maganin duka kyauta ne a asibitocin da aka keɓe domin haka. Maganin kan mai da fitsari ja, wannan ba abin tsoro ba ne. Bayan 'yan makonni mai jinya zai ji ƙarfi, kuma haɗarin ya shafa wa wani zai ragu ƙwarai. Nan ne wurin tuntuɓe, domin da yawa kan ce sun warke su ajiye magani. In an yi haka, ƙwayoyin da suka saura kan taso, har su zama masu ƙin jin magani, jinya ta ƙara tsawo da wuya.

AIKIN HAKIMI DA MALAMANSA

1. Hakimi ya umarci dagatai da masu unguwa su sanar da shi duk wanda tarinsa ya kai mako biyu, a taimaka masa ya je awo.

2. In an sami cutar a wani gida, a kai mutanen gidan a duba su, tun ba yara ƙanana ba.

3. A sami wani amintacce cikin dangi ya riƙa ganin mai jinya ya haɗiye maganinsa kullum har wata 6 su cika.

4. In Hakimi ya fita rangadi, ya duba ɗakunan kwanan almajirai da sauran wuraren cunkoso, ya hori mutane su fasa tagogi, su riƙa shanya shimfiɗa, su rufe baki in za su yi tari.

5. A kai kowane jariri rigakafin BCG da zarar an haife shi, gama yana tsare yara daga mugun nau'in cutar.

6. Kada a ƙyamaci mai jinya, kada a kore shi daga kasuwa ko a raba shi da aikinsa. Tsoron gori ne ke sa mutane ɓoye ciwo. Malamai kuma su riƙe asirinsa.

7. Takardar da ta shafi marar lafiya kada ta kwana a teburin magatakarda. Ranar da ta zo, ranar za a wuce da ita.

Abel ya rasu ne a zamanin da babu magani, saboda haka ba a zargin mutanen Froland da kome, sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Amma saurayin da ke tari yau a wani ƙauye, maganinsa na nan ajiye a asibiti. Abin da ya rage shi ne mai unguwa ya lura da shi, dagaci ya kawo labari, malam ya rubuta, Hakimi ya sa a kai shi tun yana iya tafiya da ƙafarsa.