Tsohuwar Kyamarar Dijital: Yadda Ake Ceto Hotunan Cikinta Da Yadda Ake Aiki Da Ita A Yau

Tun wajen shekarar 2022 matasa a TikTok da Instagram suka koma yayin ƙananan kyamarorin dijital na shekarun 2000 zuwa 2010, irin su Canon IXUS da PowerShot, Sony Cyber-shot, Nikon Coolpix, Fujifilm FinePix da Kodak EasyShare. A Turai da Amurka sai an sa kuɗi ake samunsu. A cikin birnin Kano kuwa, a unguwanni irin su Kabara, akwai gidajen da irin wannan kyamara ke kwance a durowa ko ƙasan akwati, tsarabar Makka ko Dubai da wani yaya ko kawu ya taɓa kawowa. Duk wanda ya ci karo da ita, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ya sa mata batir ya ɗauki hoto ya gani. To, a dakata tukuna. Wannan gaggawar ita ce hanya mafi sauƙi ta hallaka abin da ya fi kyamarar daraja, wato hotunan da ke cikin katinta.

Daga ina ta fito?

Injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975. Nauyinta ya haura kilo 3, hotonta baƙi da fari ne, kuma tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. Sai a 1995 Casio QV-10 ta fito da allo a bayanta, mutum ya ɗauka ya ga hotonsa nan take. A 1997 Sony Mavica ta zo tana adana hoto a faifan fulofi na kwamfuta, sannan a 2000 Canon ta fitar da Digital IXUS mai megafiksel 2, wadda take shiga aljihun riga.

A Najeriya layin GSM ya fara aiki a 2001, amma wayoyin farko ba su da kyamara, waɗanda suka biyo baya kuma hotonsu bai taka kara ya karya ba. Saboda haka na tsawon shekaru, wanda ba ya son jiran mai hoto ya je ya wanko fim, ƙaramar kyamarar nan ce mafitarsa. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna an fitar da kyamarorin dijital kusan miliyan 121 a 2010. A 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba. Waya ta cinye kasuwar.

Abin lura a nan shi ne, hotunan waɗannan shekaru yawancinsu ba su taɓa hawa intanet ba. Babu Google Photos a lokacin, WhatsApp ma sai 2009 aka ƙirƙiro shi. Wanda ke zaune a Kabara, dab da Gidan Sarki da Gidan Ƙadiriyya, komai a ƙofar gidansa yake wucewa: hawan sallah na zamanin marigayi Sarki Ado Bayero, wanda ya rasu a 2014, da Maukibin Ƙadiriyya na kowace shekara, ga bikin aure da suna da saukar Alƙur'ani. Wani katin ma zai iya ɗauke da hoton tsohuwar Ƙofar Na'isa kafin a rushe ta a 2010 domin faɗaɗa titi. Ta yiwu hoton ƙarshe na wata kaka yana cikin kati mai megabait 256, kuma babu kwafinsa a ko'ina a duniya.

Kati kafin komai

Mataki na farko shi ne a cire katin daga kyamarar tun ba a kunna ta ba, a duba irinsa. A wancan lokaci kowane kamfani da nasa. Sony na amfani da Memory Stick, Olympus da Fujifilm sun fara da SmartMedia sannan suka koma xD a 2002, Canon da Nikon na farko-farko CompactFlash suke ci, daga baya kusan kowa ya dawo SD. Idan SD ne, akwai ɗan makulli a gefensa na hagu. A tura shi ƙasa wajen da aka rubuta Lock, domin kada wata na'ura ta rubuta komai a kai. Daga nan a nemi abin karanta kati mai ramuka da yawa, irin wanda ake cigiya a wajen masu kayan kwamfuta a titin Beirut ko Farm Centre. A tafi da katin a gwada a gaban mai shago, domin yawancin na yanzu SD da microSD kawai suke karɓa. Idan ba a samu ba, kyamarar da kanta za ta iya zama abin karanta katin, a haɗa ta da kwamfuta da kebul ɗinta na USB.

Ga inda aka fi yin asara. Wani lokaci da an sa katin, waya ko kwamfuta za ta ce ba ta gane shi ba, tana neman a yi masa Format. Kada a yarda, ko da sau goma ta tambaya. A cire, a gwada wata na'urar. Idan ya buɗe, hotunan suna cikin folda mai suna DCIM. A kwafe ta gaba ɗayanta zuwa wuri biyu daban, misali kwamfuta da kuma Google Drive. Kwafa za a yi, ba yankewa ba.

Idan kuma aka tarar katin wayam, ko an riga an goge, ba lallai ne hotunan sun tafi ba. Waɗannan katuna suna aiki da tsarin fayil da ake kira FAT. A ɗauke shi kamar sito a Kantin Kwari: akwai kaya a jibge, akwai kuma littafin da ke nuna inda kowace dila take. Idan aka goge hoto, layinsa kawai aka soke a littafin, aka ce wurin nan babu kowa. Dilar tana nan har ranar da aka kawo sabon kaya aka ɗora a gurbinta. Kowane sabon hoto da aka ɗauka sabon kaya ne, kuma wannan ne dalilin da ya sa aka ce kada a yi gwaji da tsohon kati. Manhajar PhotoRec, wadda kyauta ce kuma tana aiki a Windows da Linux da Mac, ba ta bi ta kan littafin. Sito take shiga ta bi lungu-lungu tana neman alamar da kowane fayil na JPEG ke farawa da ita. Fuskarta ba ta da kyan gani, rubutu ne zalla, amma tana aiki. Sharaɗi ɗaya ne: abin da ta tono a ajiye shi a kwamfuta, kada a mayar kan katin. Inda ba ta da dabara shi ne idan an yi abin da kyamarorin Canon ke kira Low Level Format, wanda yake share siton da kansa.

Bayan an kwafe, ya fi kyau a ajiye tsohon katin a nemi wani domin sabon aiki. Nan ma akwai tarko. Asalin SD iyakarsa gigabait 2. A 2006 aka fito da SDHC mai gigabait 4 zuwa 32, kuma duk da siffarsu ɗaya, yawancin kyamarorin da suka riga shi fitowa ba sa gane shi. Mutum zai sayi kati mai gigabait 32, kyamara ta rubuta Card Error, ya ɗauka ta mutu, alhali lafiyarta ƙalau. Maganin yana cikin tsofaffin wayoyin gida: memori mai gigabait 1 ko 2, a sa shi a adafta. Hoton kyamara mai megafiksel 5 bai cika wuce megabait 2 ba, ke nan gigabait 2 zai ɗauki kusan hoto dubu.

Wani abu kuma da ya shafi mutunci: wanda ya sayi kyamarar gwanjo ya tarar da hotunan iyalin wasu a ciki, ko ya tono hotunan matan gidansu na wajen biki, waɗannan amana ce. Ba kayan ɗorawa a shafi ba ne sai da izinin masu su.

Batir

Kyamarorin kashi biyu ne. Masu cin batirin AA, kamar yawancin jerin PowerShot A, sun fi sauƙin sha'ani. Sai dai batirin tocila mai arha ba ya iya ba da wutar da filashi da injin zuƙowa ke ja a lokaci guda, shi ya sa kyamarar ke mutuwa bayan hoto kaɗan. A nemi mai caji nau'in NiMH. Masu batirin lithium kuwa, a duba lambar da ke jikinsa, misali NB-4L na Canon ko NP-BG1 na Sony, a nemi madadinsa da wannan lamba. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, kada a yi masa caji. Kuma kada wanda bai iya ba ya kwance kyamara da sukundireba, domin abin da ke tara wa filashi wuta yana riƙe kusan bolt 300 ko bayan an cire batir.

Idan kyamarar ta kunnu, rubutun menu yana fitowa, amma hoton baƙi ƙirin ne ko ya yi zane-zane masu ruwan shunayya, sensa ce ta lalace. A 2005 Sony da Canon da Nikon da wasu kamfanoni sun sanar da wannan matsala a wasu kyamarorin da aka ƙera tsakanin 2002 da 2004, kuma zafi da laima ne ke tayar da ita. A yau gyaranta ya fi kuɗin kyamarar.

Ɗaukar hoto da ita

Wanda ya saba da waya zai sha mamaki a ranar farko. Waya idan aka danna, hotuna da yawa take ɗauka a cikin ƙiftawar ido, ta haɗa su, ta haskaka inda ya yi duhu, ta rage inda ya yi haske. Tsohuwar kyamara hoto ɗaya take ɗauka, abin da ya shiga idonta shi ke nan. Sensarta nau'in CCD ce, faɗinta wajen milimita 6 ne a yawancinsu. Masu cewa launinta "kamar na fim" ne sun ɗan zuzuta. Abin da ido ke so a hoton shi ne rashin wancan gyare-gyaren na waya, da kuma hasken filashinta mai ƙarfi.

Maɓallin ɗauka hawa biyu ne. A danna rabi, a jira ƙara ko koren haske, alamar ta saita abin da ake so ya fito tar, sannan a ƙarasa. Wanda ya danna gaba ɗaya lokaci guda a ranar Hawan Daushe, kafin kyamara ta gama shawara doki ya wuce, sai wutsiya. Dabarar ita ce a saita a kan wurin da mahayin zai bi, a riƙe rabin, ya iso a ƙarasa.

Babbar jarrabawa a Kano ita ce farin kaya. A ranar Juma'a ko ranar Maukibi, idan farare suka cika hoto a tsakar rana, kyamara tana ganin haske ya yi yawa, sai ta rage, fuskokin mutane su dushe. Akwai maɓalli ko menu mai alamar +/-. Idan aka ɗaga zuwa +0.7 fuska za ta fito, amma aikin zaren da ke wuyan riga zai iya ɓacewa cikin fari. Idan mutum ɗaya ne kuma yana kusa, abin da ya fi shi ne a tilasta filashi ya tashi ko da rana ce, ya cike inuwar da hula ko rawani ya yi wa fuska. Mafi sauƙi duka, a ja mutumin zuwa bakin zaure, inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya. Lungunan cikin gari da hantsi ko bayan la'asar suna ba da irin hasken da wannan kyamara ta fi so, musamman a jikin jan bangon ƙasa.

Da dare kuwa filashinta bai wuce taku huɗu zuwa biyar ba. Wanda ya tsaya nesa yana haska taro, ƙeyar na gabansa kawai zai samu. A lokacin hunturu akwai ƙarin matsala: filashin yana dab da idon kyamara, saboda haka yana haska ƙurar da ke yawo a iska, hoto ya fito da fararen ƙwallaye. Wasu har fassara suke yi musu, alhali ƙura ce. A kashe filashi, a jingina kyamarar a kan katanga, a sa mata ƙidayar daƙiƙa 2 domin kada hannu ya girgiza ta. ISO kuma a bar shi a 100 ko 200, domin daga 400 hoto ke fara yin yashi-yashi. Ƙurar nan dai ita ce ke shiga tsakanin zobban idon da ke fitowa waje har ya maƙale, don haka da an gama a kashe, a sa a jaka.

A menu a kashe Digital Zoom, yanka hoto kawai yake yi ya buɗa shi. Zuƙowar gilashi, wadda yawanci ninki 3 ce, ita ce ta gaskiya. Game da megafiksel, kada a raina 3 ko 4. Hoton da ake wankewa mai inci 4 da 6 yana buƙatar ɗigo 1800 a tsawo da 1200 a faɗi, wato kaɗan ya ɗara megafiksel 2.

Kwanan wata da turawa waya

Kyamarar da ta daɗe babu batir agogonta ya koma farko, sai ta riƙa rubuta wa sabon hoto tsohuwar shekara. Wannan kwanan wata yana shiga bayanan da ke ɓoye cikin fayil, waɗanda ake kira EXIF, kuma da su waya ke jera hotuna. Idan ba a gyara ba, hoton jiya zai nutse can ƙasan galari. A saita agogo kafin hoton farko. Bayanan nan suna da amfani ga tsofaffin hotunan ma, domin idan mai kyamarar ya saita agogonsa a lokacin, za a ga rana da sa'ar da aka ɗauki kowanne.

Turawa waya ba wuya: abin karanta kati mai bakin USB-C, ko adaftar OTG, sai a buɗe manhajar fayil a kwafa. Idan lambobin hotuna sun koma 0001, a buɗe sabuwar folda, kada sabon IMG_0001 ya hau kan tsohon. Wajen aika wa 'yan uwa ta WhatsApp, a tura a matsayin Document. Idan aka tura ta hanyar da aka saba, manhajar tana matse hoton ta kuma cire bayanan EXIF, kwanan watan ya tafi tare da su.