Ƙoda ba ta kuka da wuri

Masu zuwa wurinmu a Daura da ciwon baya, daga Sandamu, Baure, Zango ko Mai'adua, yawancinsu da sun zauna sai su ce, "Likita, ƙoda ce." Sau da yawa ba ita ba ce, tsoka ce ko ƙashin baya. Wanda ƙodarsa ke lalacewa kuwa galibi babu inda ke masa ciwo, sai ƙafa ta kumbura ko amai ya dame shi.

Dalilin yana ga jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙoda zuwa laka, kuma yawancin abin da aka sani a kansu daga ɓeraye aka samo shi. Ulla Kopp ta Jami'ar Iowa a Amurka ta shafe shekaru tana wannan bincike. An gano jijiyoyin sun fi taruwa a bangon mazurarin da fitsari ke taruwa kafin ya gangara mafitsara. Idan fitsari ya cunkushe a mazurarin ƙoda ɗaya, sai su kai rahoto, ɗaya ƙodar ta ƙara fitar da ruwa da gishiri. Aikinsu na kullum ke nan, ba tare da ɓeran ya san ana yi ba.

Shi ya sa tsakuwar ƙoda ke sa ƙato birgima a ƙasa. Ta toshe hanya, mazurarin ya kumbura, zafi ya taso daga kwiɓi ya gangara matsematsi, wani lokaci har maraina, domin jijiyoyin wuraren suna shiga laka a kusan gurbi ɗaya. A zafin Afrilu da Mayu, manomi da ɗan acaɓa masu wuni ba su sha ruwa sosai ba su suka fi kamuwa.

Matatun cikin ƙoda kuwa, kusan miliyan 1 a kowace, inda jijiyoyin nan ba su da yawa, hawan jini da ciwon suga kan ci su shekara da shekaru ba a ji komai ba. Abin da ya fi damuna shi ne mai ciwon baya da ke sayen diclofenac ko ibuprofen a kemis yana sha kullum, ya haɗa da jiƙe-jiƙe. Waɗannan ƙwayoyi suna rage jinin da ke shiga ƙoda, musamman ga mai ƙishirwa.

Mai hawan jini ko suga ya riƙa zuwa asibiti sau ɗaya a shekara aƙalla, a auna jininsa, a duba furotin a fitsari, a yi gwajin kiratinin, ko da yana jin garau.