Filin Shawarwari: Kumburin Ƙafa da Kaluluwa

Malam, ina neman shawararka game da mahaifiyata, wadda ƙafarta ta hagu ta daɗe a kumbure. Duk damina sai zazzaɓi ya kwantar da ita, ƙafar ta yi ja da zafi, kaluluwa ta fito mata a matsematsi, in ta tashi kuma ƙafar ba ta komawa yadda take. Dangi sun ce sammu ne, wanzami ya ce a yi sakiya. Me ya kamata in yi?

Naka, mai neman haske, daga Keffi

Ɗana, Allah ya saka maka bisa wannan birrul walidaini. Ka sani cewa, ban da jijiyoyin jini, Allah cikin hikimarsa ya shimfiɗa a jikin ɗan Adam waɗansu siraran magudanai, waɗanda tabibin Italiya Gaspare Aselli ya ga irinsu a hanjin kare a 1622, aikinsu kuwa shi ne su kwashe ruwan da ke tsattsafowa daga jini zuwa tsoka, su bi da shi ta kaluluwa a tace, sa'an nan su mayar da shi cikin jini a gindin wuya, tamkar yadda lambatu ke janye ruwan sama daga unguwa.

Idan rauni ko ƙwayar cuta ta tayar da kumburi, sai fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye dauɗa su saki wani sinadari mai suna VEGF-C, wanda masana suka gano a Helsinki a 1996, shi kuma ya sa magudanan su faɗaɗa, su tsiro da sababbin rassa domin ɗaukar ruwan da ya yawaita. Alhali waɗansu ƙwayoyin garkuwa suna sakin nasu sinadaran masu tsayar da tsiron, domin kome na jiki da mizaninsa. Amma idan kumburi ya yi ta maimaituwa, sai mizanin ya karkace, tabo ya maye gurbin magudanai, 'yan ƙofofin da ke hana ruwa komawa baya su lalace, fata ta yi kauri. Wannan shi ne tundurmi.

Sababinsa a ƙasarmu galibi tsutsa ce da sauro ke sanyawa, wadda ke shekaru cikin magudanan. A 2017 aka bayyana kawar da ita a matsayin barazana ga lafiyar jama'a a jihohin Nasarawa da Filato, bayan shekaru ana rabon ivermectin da albendazole, sai dai ɓarnar da ta riga ta auku tana nan. Zazzaɓin damina kuwa, ƙwayoyin cuta ne ke shiga ta faso da cin ruwan tsakanin yatsu.

Saboda haka kada ka yarda da sakiya ko ƙaho, domin kowace tsaga sabon kumburi ce. Ka kai ta asibiti a tabbatar da illar, tun da ciwon zuciya ko ƙoda ma kan kumbura ƙafa. Kullum a wanke ƙafar da sabulu da ruwa mai tsabta, a tsane tsakanin yatsu, a ɗora ta kan matashi, ta riƙa motsa ta, ta sa takalmi mai laushi, ta kwana cikin gidan sauro. Ranar da zazzaɓi ya taso a gaggauta zuwa ga likita. Tsohon kumburi ba lalle ne ya sace duka ba, amma duk daminar da ta wuce ba tare da zazzaɓi ba, magudanan da suka rage sun tsira. Allah ya ba ta lafiya. Wassalam.