Dabarun Koya wa Yara Tarawa da Ɗebewa

Tarawa da ɗebewa na lambobin da ba su wuce 20 ba su ne tubalin lissafi a azuzuwan farko na firamare. Yaron da ya san dabarar samo amsa ya fi riƙe ta a kan wanda ya haddace kawai.

A fara da abin da hannu zai taɓa, kamar tsakuwa, ƙwallon dabino ko murfin kwalba. Daga nan malami ya koya wa yaro ƙirgawa daga babbar lamba. A 2 + 7, yaro ya riƙe 7 a ka, ya ce 8, 9.

Sai lambobin da ke haɗuwa su cika goma: 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5. Yatsun hannu sun isa wannan darasi. Wanda ya san waɗannan lambobi zai warware 8 + 5 ta ɗauko 2 daga 5 ya cika 10, ya ƙara sauran 3, ya samu 13. Tagwayen lambobi ma suna taimakawa: tunda 6 + 6 = 12, to 6 + 7 zai zama 13.

Ɗebewa kuwa a haɗa ta da tarawa. A 13 − 8, tambayar ita ce nawa za a ƙara wa 8 ya kai 13. Haka mai shago ke ƙirga canji.

Maimaitawa ta mintuna kaɗan kullum ta fi dogon zama sau ɗaya a mako. A riƙa tambayar yaro yadda ya samo amsa, domin sauri yana biyo bayan fahimta.