Darasi: Sunan da Aka Huda (Ishaya 62:2-4)

A aya ta 2 an yi wa Sihiyona alkawarin sabon suna daga bakin Ubangiji. Kalmar Ibrananci da ta ke nan, watau naƙab, ba a cika samunta ba. Asalin ma'anarta hudawa ne. Ita ce a 2 Sarakuna 12:9, inda Yehoyada firist ya huda murfin akwatin baiko. Amma ita ce kuma a Farawa 30:28, sa'ad da Laban ya ce wa Yakubu ya yanka ladansa.

Me ya haɗa huji da suna? Makiyayan Vom sun sani. A yaƙin bushiya da aka soma a 1962, da maganin gidan binciken dabbobi na Vom, kowace saniyar da aka yi wa allura akan huda mata kunne. Ruwan damina ba ya wanke wannan shaida.

Da Hausa mukan ce raɗa suna, amma a ganinmu bai kai ba, gama sunan yanka ma laƙabi yakan danne shi.

Ku duba aya ta 4. Wane tsohon suna ne aka kawar? Ina ta'aziyyarsa ga mai bi wanda danginsa suka yashe shi?